Gonar da Baba Ya Ce ta Makaranta Ce

Tambaya

Mahaifina ya rasu wata 7 da suka wuce a wani ƙauye na ƙasar Katsina. Ya fi shekara 40 yana karantar da yara a zauren gidanmu, manya kuma su zo da littattafansu bayan la'asar. Yana da gona a bayan gari mai ba da wajen buhu 30 na gero da dawa idan damina ta yi kyau, da ita yake ciyar da almajiransa. Ya sha faɗa a gaban mutane cewa gonar nan ta makaranta ce, amma bai rubuta ba, kuma shi ya ci gaba da nomanta har ciwon ajali ya kwantar da shi. Ya bar mata 2 da 'ya'ya 10, maza 4 mata 6, biyu ba su balaga ba. Iyayensa sun riga shi rasuwa. Akwai bashin taki a kansa. Yanzu yayyena maza suna so a raba komai har da gonar.

Ni ina aure a Kano, ina koyarwa a firamare. Tun da Baba ya rasu komai ya fita raina, sai in na tuna zauren nan nake jin akwai abin da ya rage mini a duniya. Na fara azumin Litinin da Alhamis da niyyar ladan ya je gare shi, har ina tunanin ajiye aiki in roƙi maigidana mu koma gida in riƙe makarantar. Shin gonar wakafi ce ko gado? Azumina yana isa gare shi? Kuma ɗa nagari da ake faɗa, har da 'ya mace?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. 'Yata, Allah ya jiƙan Malam, ya sa Alƙur'anin da ya karantar ya cece shi, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Zan fara da abin da ya fi miki ɗaci, domin gara ki ji shi daga wurina kafin ki ji shi a gaban alƙali. A yadda kika bayyana, gonar gado ce. A mazhabar Imamu Malik, wadda kotunan shari'ar ƙasarmu suke hukunci da ita, hubusi, wato abin da kika kira wakafi, ba ya cika da faɗar baki kaɗai. Sai mai dukiya ya fitar da ita daga hannunsa, ya damƙa ta ga waɗanda aka yi dominsu ko ga wani mai kula, tun yana da lafiyarsa. In ya riƙe ta har mutuwa ko ciwon ajali ko tsiyacewa ta riske shi, hubusin ya warware, ko da kuwa shi da kansa yake raba amfanin inda ya ambata. Haka abin yake a Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halilu, littattafan da nake kyautata zaton mahaifinki ya biya wa mutane su a zauren nan. Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin hubusi yana tabbata da lafazi, amma bai dace ki ɗauko wannan ki yaƙi 'yan uwanki da shi a inda ba da shi ake hukunci ba. Hikimar sharaɗin ba ɓoyayya ba ce: in babu shi, mutum zai ci amfanin dukiyarsa har ƙarshen ransa, sannan ya hana magada da kalma guda.

Ƙofa ɗaya ce ta rage, ki bincika ta. Idan akwai adilai biyu da suka ji ya ce bayan ransa a bar gonar ga makaranta, to wasiyya ce, za a zartar da ita daga sulusin abin da ya bari bayan an biya bashi. Abin da ya haura sulusi sai da yardar magada. Wannan iyaka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka wa Sa'adu ɗan Abu Waƙƙas lokacin da ya kwanta ciwo a Makka yana son bayar da mafi yawan dukiyarsa, ya nuna masa cewa barin magada da wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane. Ki tambayi abokan Malam da manyan almajiransa ainihin kalmomin da suka ji, kada ki sa musu magana a baki.

Kafin gona, kafin makaranta, akwai bashin takin nan, kuma na lura kin ambace shi a taƙaice kin wuce. Shi ne abin da mahaifinki ya fi buƙata a yau. Hadisi ya zo a Tirmizi cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. Ki dubi Abdullahi ɗan Zubairu. Mahaifinsa ya kira shi ranar yaƙin Raƙumi a shekara ta 36 bayan hijira, ya bar masa wasiyyar bashinsa, da aka lissafa ya kai miliyan 2 da dubu 200. Ya sayar da filin mahaifinsa da ake kira Gaba ya biya, sannan da 'yan uwansa suka nemi a raba musu gado ya ƙi, sai da ya yi shekara 4 yana shela a lokacin aikin hajji ko akwai mai bin Zubairu bashi. Buhari ya kawo labarin da tsawonsa. A biya mai taki a wannan makon idan zai yiwu, a kuma yi cigiya a masallacin Juma'ar garinku ko akwai wani.

Bayan bashi da wasiyya, matan biyu suna tarayya a tumuni, saura na 'ya'ya, namiji yana da rabon mata biyu. In aka kasa dukiyar kashi 16, kowace mata 1, kowane ɗa 2, kowace 'ya 1. Rabonki a gonar ke nan kusan buhu 2 a shekara mai kyau. Rabon yaran nan biyu kuwa ba wanda yake da ikon yin kyauta da shi: ba ke ba, ba babban wa ba, ba mahaifiyarsu ba, ko da masallaci za a gina. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta yi gargaɗi mai tsanani a kan dukiyar maraya. Wannan ya shafi har abincin sadakar uku da bakwai da arba'in da ake ɗiba daga rumbun mamaci kafin rabo. In an yi haka a gidanku, manya su lissafa su mayar wa yaran kasonsu.

Yayyenki ba su yi laifi ba da suka nemi haƙƙinsu, kuma ina roƙonki kada ki dube su da idon waɗanda suka ci amanar uba. Wataƙila wani a cikinsu yana da iyali goma ba shi da gonar da ta wuce wannan. Abin da yake hannunki shi ne roƙo da tausasawa, domin cika burin mahaifi abin so ne ga duk wanda ya balaga kuma ya yarda da ransa. A nan mazhabarmu ta yi sauƙin da mutane da yawa ba su san da shi ba: ba sharaɗi ba ne hubusi ya zama na har abada. Wanda ba zai iya rabuwa da kasonsa ba yana iya bayar da amfaninsa na shekara 3 ko 5, sannan ya dawo masa. Duk wanda ya yarda, a yanke kasonsa a haɗa da naki, a rubuta, a sa shaidu, a damƙa wa amintaccen mutum ya riƙe, don kada a maimaita abin da ya faru. Asalin wannan aiki shi ne gonar Umar ta Haibara, wadda Annabi ya shawarce shi ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta. Littattafan Malam ma gado ne. A yi musu ƙima, mai son karatu ya ɗauka a cikin rabonsa, kada a raba littafi mai juzu'i da yawa gida-gida. Na sha ganin adakar malami an buɗe ta bayan shekaru an tarar gara ta gama da ita, abin yana sosa mini rai har yau.

Game da azumi, Imamu Malik yana ganin ba wanda yake yi wa wani azumi ko salla. Malaman da suka halatta, bisa hadisin Nana A'isha, mafi yawan maganarsu a kan azumin da ake bin mamaci ne. Karatun Alƙur'ani da niyyar ladan ya je ga mamaci akwai saɓani a kansa: Hanafiyya da Hambaliyya da wasu malaman Malikiyya na baya suna ganin yana isa, abin da aka fi sani daga Malik kuwa akasin haka ne. Ba na aibanta mai yi. Amma me zai sa ki tsaya a inda ake saɓani alhali ga inda aka haɗu? Addu'a da istigfari da sadaka da biyan bashi suna isa ba tare da jayayya ba. Sa'adu ɗan Ubada mahaifiyarsa ta rasu ba ya gari, ya tambayi Annabi ko sadaka za ta amfane ta, aka ce masa e, nan take ya bayar da lambunsa. Ki ci gaba da azuminki don kanki, idan maigidanki ya yarda, lokacin buɗa baki ki ɗaga hannu ki roƙa wa Malam gafara.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce ta fi tsaya mini a rai. Kalmar da ta zo a hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito, inda aka ambaci abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa, a Larabci tana ɗaukar namiji da mace. Kina ciki, babu shakka. Kuma ki lura da abin da baƙin ciki ya rufe miki. Abubuwan nan uku su ne sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai addu'a. Kin kafa ido a kan na farko kamar in gona ta tafi komai ya tafi, alhali sauran biyun suna nan daram. Yaron da Malam ya koya wa Fatiha shekara 30 da suka wuce, yau magidanci ne yana karanta ta sau 17 a farillansa na kowace rana, yana koya wa 'ya'yansa. Wane rabon gado ne zai taɓa wannan? Buhunan da almajirai suka ci shekara 40 kuma an riga an rubuta masa su, niyyarsa a kan gonar ma Allah ya san ta.

Ba na ba ki shawarar ajiye aiki. Maigidanki da 'ya'yanki suna da haƙƙi na wajibi a kanki, riƙe zauren kuwa nafila ce, kuma shawarar da aka yanke cikin zafin rashi sau da yawa ba ta jure wa shekara biyu. Sannan wa ya ce miki kin bar tafarkin mahaifinki? Kullum kina tsaye a gaban yara kina koya musu karatu. Ki gyara niyya gobe da safe kafin ki shiga aji, wannan allon da kike rubutu a kai zai zama ci gaban allunan zaurenku. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ta rayu shekara 47 bayan rasuwar mahaifinta a 1817. Ba shimfiɗarsa ta zauna a kai ba. Ta duba inda karatunsa bai gama isa ba, wato matan ƙauyuka, ta naɗa jajis suna zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma da shi, abin da aka sani da 'Yan Taru. Ta yi aikin ubanta da hannunta na mace, daga ɗakin aurenta.

Sai dai ki kula da wani abu mai laushi. Kin ce zauren ne kaɗai ya rage miki a duniya. Malam bai yi shekara 40 a kan buzu don a tuna da shi ba, ya yi ne don Wanda ba ya mutuwa. Ranar da Annabi ya yi wafati sahabbai suka ruɗe, Abubakar ne ya miƙe ya mayar da zukatansu ga Ubangijin da suke bauta wa, da haka aikin ya ci gaba. In kin riƙe makarantar don Allah, ke da Malam duka kun samu, kuma ranar da ta gagare ki ba za ki ji rayuwarki ta rushe ba. Kuka da kewa ba laifi ba ne, Annabi ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim. Amma idan wannan fitar rai ta kai ga hana ki barci da abinci, ki gaya wa maigidanki ku ga likita, neman magani ba ya rage tawakkali.

Ga abin da nake ganin za ki iya. Ki nemi ɗaya daga manyan almajiran Malam wanda ya sauke kuma mutanen gari suka yarda da halinsa, a nemi izinin magada ya ci gaba da zama da yara a zauren, ko a rumfar masallaci in zauren ya faɗa rabon wanda yake buƙatarsa. Ki yanka masa wani abu daga albashinki duk wata, daidai wanda ba zai gagare ki ba ko a watan da hannu ya yi ƙunci, domin aikin da Allah ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne. Buhunanki 2 su tafi ga yaran da suke kwana. In sun fi ƙarfin abin da ake da shi, a mayar da ƙananan ga iyayensu a riƙe 'yan gari, kada a bar yaro da yunwa da sunan raya makarantar Malam. Idan kin je gida ki gaida abokansa, ki riƙa musu ɗan goro ko turare. Abdullahi ɗan Umar ya haɗu da wani mutumin ƙauye a hanyar Makka ya ba shi jakinsa da rawaninsa, don kawai mahaifin mutumin abokin Umar ne. Ƙannenki biyu kuma, su ne almajiran da Malam ya tafi bai gama da su ba. Ki tambayi mahaifiyarsu inda karatunsu ya tsaya, ki ɗauka daga nan.

Allah ne mafi sani.