Alamar Iyaka da Matsayinta a Shari'a

Tambayar da ke fuskantar mai nazarin hukuncin iyaka ita ce dalilin da ya sa dutse ko turken siminti, wanda ba shi da wata daraja a kansa, ya kai matsayin da gusar da shi ke jawo la'ana, alhali musulmi ya yi imani cewa ƙasa ta Allah ce, mutum kuwa riƙon amana yake yi. Imam Muslim ya ruwaito daga Aliyu ɗan Abu Ɗalib cewa Annabi (SAW) ya ambaci mai canza "manarul ardi", wato alamomin da ke raba filin wani da na wani, cikin waɗanda Allah ya la'anta, a jeri ɗaya da mai yanka don wanin Allah.

A ƙasar Jahun, cikin masarautar Dutse, inda rairayi ya fi dutse yawa, manoma sun fi dogara da jerin gamba ko wata tsohuwar bishiya, kuma cin iyaka ba kasafai yake zuwa a rana ɗaya ba: kunya ɗaya ake shigarwa lokacin huɗa, a ƙara wata baɗi, har sai dattawan da suka halarci rabon gado sun ƙare. Wannan ne ya sa laifin ya fi satar dukiya muni, domin ɓarawon hatsi ya bar gona a wurinta, shi kuwa mai matsar da alama ya shafe shaidar da dagaci da alƙali za su yi hukunci da ita, ya kuma bar wa magadansa haram suna ci ba su sani ba.

Malaman Malikiyya sun ɗora hukunci mai nauyi a kan alamar, tun da shuf'a, wato haƙƙin abokin tarayya na karɓe kason da ɗan'uwansa ya sayar wa bare, tana faɗuwa da zarar an raba fili an kafa iyakoki. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye amana a hannun gwamna, masu safiyo kuma suna kafa turaku masu lamba, amma yawancin gonakin karkara da burtalin da makiyaya ke bi har yanzu shaidar maƙwabta ce ke tsare su.