Harshe Ya Koma Yatsa

A farkon watan Agusta na shekarar 2014, jim kaɗan bayan cutar Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya zagaya ƙasar nan cikin dare ɗaya ta wayar hannu da intanet. Saƙon ya ce a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, domin kāre kai daga cutar. Iyaye sun ta da 'ya'yansu tun kafin asuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa aƙalla mutum biyu sun rasu bayan shan ruwan nan. Yawancin waɗanda suka tura saƙon ba miyagu ba ne. Ƙauna ce ta sa su, amma ƙaunar da ba ta tsaya ta bincika ba, kuma babu shakka akwai masu bi da yawa a cikinsu.

Manzo Yakubu, a sura ta uku ta wasiƙarsa, ya kwatanta harshe da ɗan ƙyastun wuta mai cinye kurmi. A zamaninsa magana takan tsaya inda muryar mutum ta tsaya. Yanzu aikin harshe ya koma ga yatsa, yatsa kuwa ba ya gajiya, ba ya jin kunyar idon jama'a. Dokar da ke cikin Fitowa 23:1, wadda ta hana baza labarin ƙarya, ba ta keɓe wanda ya ce shi ma turo masa aka yi ba.

Ikkilisiya ba baƙuwa ba ce a aikin jarida. Jarida ta fari a ƙasar nan, Iwe Irohin, mai bishara ne ya kafa ta, wato Henry Townsend, a Abeokuta cikin 1859. Tun kafin wannan ma, Luka likita ya buɗe Bishararsa da bayyana wa Tiyofilus yadda ya bi diddigin kome daga wurin waɗanda suka gani da idonsu, sa'an nan ya rubuta bi da bi, domin mai karatu ya san tabbacin abin da aka koya masa. Abin lura ne ƙwarai: mutumin da Ruhu Mai Tsarki ya bishe shi bai ga bincike ya zama rashin bangaskiya ba.

Wannan hali ne ya sa ake girmama waɗansu 'yan jarida har bayan ransu. Alhaji Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka soma bugawa a Zariya cikin 1939, ya bar suna mai kyau ga Musulmi da Kirista baki ɗaya. Dele Giwa, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa mujallar Newswatch, an aiko masa da bam cikin ƙunshin wasiƙa a gidansa da ke Ikeja ran Lahadi, 19 ga Oktoba, 1986, ya mutu yana da shekara 39. Irin waɗannan mutane sukan sa sunansu a ƙarƙashin abin da suka rubuta, su ɗauki alhakinsa. Saƙon gishiri kuwa ya isa gidajen mutane ba tare da sunan kowa ba.

Intanet kanta ba abar gudu ba ce. Ta wurinta mara lafiya yana sauraron wa'azi daga gadonsa, ɗalibi kuma yana samun Littafi Mai Tsarki cikin harshensa kyauta. Damuwar ita ce dandalin WhatsApp na zumuntar mata, na matasa, da na mawaƙa, inda ake karɓar labari da sauri domin wani dattijon ikkilisiya ne ya sa shi. Hoton gawawwaki daga wata ƙasa yakan shigo da sunan wani ƙauye na kusa, kafin a gane gaskiya zukata sun riga sun ɗauki zafi a kan maƙwabta. Ya kamata majalisar dattawa ta naɗa wa kowane dandali mai kula, wanda zai tambayi mai turo labari inda ya samo shi, ya kuma share abin da ba a tabbatar ba, ko da daga wayar fasto ya fito.