Itacen Dawa, Na Wa Ne?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, sau da yawa mukan ji ana cewa itacen dawa ba shi da mai shi, wanda ya riga kai gatari shi ke da shi. Mu auna wannan magana da labarin madobiya.

Madobiya itace ne mai ƙarfi, mai jan ciki, makiyaya na ciyar da bisashe ganyensa. Da attajiran ƙasar Sin suka ƙwallafa rai a kansa don yin kujeru da gadaje, sai aka afka masa daga Gambiya har jihar Taraba ta Nijeriya. A shekarar 2017 aka sa shi cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, a 2018 aka lissafa shi cikin masu fuskantar ƙarewa.

Madobiya itacen kudu ne, amma tambayar ta iso mu nan Afala, a kan gawo da aduwa da magaryarmu. Dattawan Adar sun ga yadda ƙasa ta tsiraita bayan farin 1973 da na 1984, sun kuma ga wahalar da aka sha a aikin Keita kafin tsirrai su komo.

Haƙiƙa shari'a ta halatta yin itace a dawa, har ta fifita shi bisa roƙo. Sai dai halaccin yana da iyaka, ita ce cutarwa. Abin da jama'a suka yi tarayya cikinsa akwai rabon makiyayi, da maraya, da jikan da ba a haifa ba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Abubakar ya hana rundunar Sham saran itace mai 'ya'ya. In an hana a fagen yaƙi, ina ga zaman lafiya?

Kada mu ɗora laifin duka ga talakan da yunwa ta miƙa wa gatari. Mai saye da arha, da mai karɓar toshiya ya kau da kai, kowa zai amsa nasa. Mu ɗebi busasshe, mu bar ɗanye, mu raini tohon da ya fito a gonakinmu.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.