Wuƙar mai garka: zalunci ce ko adalci?

Da yawa daga cikinmu mazauna birni ba mu da fili sai ɗan abin da ya rage tsakanin ɗaki da katanga, amma muna son mangwaro da gwaba da lemu a tsakar gida. Mangwaro kuwa in an sake shi yana iya wuce mita 20. To, wanda ya sa wuƙa ga reshe mai rai don icce ya tsaya iyakar gidansa, ya zalunci halitta ne, ko haƙƙinta ya ba ta?

Mu duba aikin kansa. Masu garka sukan datse kan dashen mangwaro in ya kai kamar mita 1, su bar rassa 3 ko 4 su buɗe, domin rana da iska su shiga, icce ya tsaya inda gajeren tsani zai kai. Lemu mai aure, duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren cire shi ake yi, don na gindin asali ne, shanye ƙarfin icce zai yi. Gwaba a sabon toho take ɗiya, shi ya sa aski ke ƙara mata albarka. Larabawa ma kalmar tahzibi, da suke faɗa wa gyaran hali, asalinta sassabe rassan icce ne.

Sai dai wuƙa tana da sharaɗi biyu: lokaci da ƙima. Mangwaro a bakin rassa yake fure, wanda ya aske shi da ɗari ya yanke amfanin shekararsa. Lokacinsa bayan an gama tsinka. Wanda kuma ya yi sakaci shekara 10, sa'an nan ya far wa icce da gatari rana ɗaya, ya tsiraita ɓawonsa ga zafin rana, ya buɗe wa ruɓa ƙofa. Laifin na mai gida ne, icce ke biya. Magabata sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci. Alƙali Ibn Asim na Andalus, wanda ya rasu a 1426, ya keɓe fasali a cikin Tuhfa kan cutarwar itatuwa, inda ya nuna cewa reshen da ya ƙetare zuwa sararin filin wani ana datse shi. Ke nan barin icce ya yi yadda ya so ba tausayi ba ne in katangar wani ce za ta tsage, ko ganye ya cika masa tsakar gida.

Abin da muka gani shi ne zaluncin tun ranar dashe yake farawa, sa'ad da mutum ya kafa babban icce a ƙaramin wuri ba da niyyar kula da shi ba. Saboda haka kafin mu haƙa rami, mu auna tsakaninsa da katanga, mu tambayi kanmu ko za mu iya ɗaukar wuƙa kowace shekara, kaɗan-kaɗan, a kan lokaci. In ba za mu iya ba, mu dasa gwaba ko rumman mu bar mangwaro ga mai fili. Allah ya sa mu dace.