Bawan Ubangiji Mai Shan Wuya

Karatun yau: Ishaya 52:13 zuwa 53:12, Ayyukan Manzanni 8:26-39



Wani babban mutum yana komawa gida daga Urushalima ta hanyar Gaza. Yana zaune cikin karusarsa, yana karanta littafin Annabi Ishaya da murya, kamar yadda mutanen dā suke karatu. Littafi Mai Tsarki ya kira shi mutumin Habasha, amma ƙasar da ake nufi ita ce tsohuwar Kush, wadda babban birninta Meroe yake bakin kogin Nilu, a Sudan ta yau. Shi ne ma'ajin sarauniya. Ga dukiya, ga muƙami, sai dai an yi masa dandaƙa saboda hidimar fada. Ba zai taɓa ganin ɗan kansa ba, kuma Maimaitawar Shari'a 23:1 ta hana irinsa shiga taron jama'ar Ubangiji. Ya yi doguwar tafiya don ya yi sujada, alhali shari'a ta riga ta ja masa iyaka.

Wurin da yake karantawa yana maganar wani Bawa da aka wulaƙanta, aka danne masa gaskiya a shari'a, aka kai shi yanka kamar tunkiya bai ce uffan ba, aka datse ransa. Mutumin da ya san ɗacin wulaƙanci ba zai wuce wannan wuri da sauri ba. Da Filibus ya iso, tambaya ɗaya ya yi masa: annabin da kansa yake, ko da wani dabam?

Tambayar tana nan har yau. Malaman Yahudawa da yawa, irin su Rashi wanda ya rayu a Faransa daga 1040 zuwa 1105, sun ce Bawan nan al'ummar Isra'ila ce. Ba da ka suka faɗa ba, gama Ishaya 41:8 ta kira Isra'ila bawan Allah. Kada ka raina mai wannan ra'ayi. Amma ka duba sura 49, aya 5 da 6, inda aka aiki Bawan ya komo da Isra'ila wurin Allah. Wanda aka aika neman ɓatacce ai ba shi ne ɓataccen ba. A sura 53 kuma an ce saboda laifin jama'ar aka buge shi, shi kuwa bai yi zalunci ba, ba a sami ƙarya a bakinsa ba. Wace al'umma ce za a yi wa wannan shaida? Ishaya kansa ya buɗe littafinsa da lissafin zunuban Isra'ila. Saboda haka mu masu bi muka tsaya inda Filibus ya tsaya: Yesu ne. Ya yi shiru a gaban Bilatus, aka gicciye shi tsakanin 'yan fashi biyu, Yusufu mai arziki na Arimatiya ya sa shi cikin kabarinsa.

Wani zai ce ai Kirista ne suka gyara rubutun daga baya. A shekarar 1947 makiyaya suka sami naɗaɗɗun littattafai cikin wani kogo a Kumran, kusa da Tekun Gishiri. Ɗaya daga cikinsu littafin Ishaya ne, sura 66 ɗin nan, a kan fata mai tsawon sama da mita 7. Masana sun ce an kwafe shi fiye da shekara 100 kafin haihuwar Yesu. Sura 53 tana ciki. Ana ajiye da shi a Urushalima.

To, in rubutun yana hannunsu, me ya hana mutanen zamanin Yesu ganewa? Da yawa suna jiran sarki daga zuriyar Dawuda wanda zai kori Romawa. Ko almajirai biyun da suke tafiya Imuwasu ranar tashinsa sun karaya, sai da Ubangiji ya bi da su cikin littattafan Musa da annabawa. Ishaya ya riga ya faɗi wannan ma: masu kallo za su zaci Allah ne yake hukunta Bawan saboda laifinsa. Haka muke har gobe. Mu ga mutum cikin wahala, mu ce alhaki ne ya kama shi. A kan gicciye kuwa alhakin masu kallon ne yake wuyan wanda suke kallo. Naka yana ciki, ɗan'uwa, har da wanda ba ka taɓa gaya wa kowa ba, wanda yake hana ka barci.

Da ma'ajin ya gane, bai jira ya isa gida ba. Suka iso wurin ruwa, ya tambaya ko akwai abin da zai hana a yi masa baftisma. Babu. Ina yawan tunanin ranar da ya ci gaba da warware littafinsa har ya kai sura 56, inda Allah ya yi wa masu irin halinsa alkawarin wuri a cikin Haikalinsa, da suna wanda ya fi na 'ya'ya maza da mata.

Yau da dare ka karanta Ishaya 53 da murya, a hankali. Duk inda annabin ya ce mu, ka sa sunanka.

Karatun gobe: Zabura 22.