Mun Gan Shi A Jidda: Me Za Mu Faɗa A Gida?

Mu uku ne 'yan Sabon Ibadan muka tafi Umra tare. Bayan mun gama ibada, saura kwana biyu jirginmu ya tashi, sai muka shiga kasuwar Balad da ke Jidda neman tsaraba: dabino, turare, sallaya da jallabiyoyin yara. Muna tsaye bakin wani shago muna neman mai kai mana kaya bakin titi, sai wani mai baro ya matso. Ya dube mu, ya kawar da kai, ya sake dubowa. Can sai muka ji ya kira ɗayanmu da sunan tsokanar da muke kiransa da shi tun muna aji huɗu, sunan da ko matarsa ba ta sani ba.

Abokinmu ne na firamare. Tare aka sa mu makaranta a 1976, shekarar da aka fara UPE, tare muke zuwa makarantar allo da yamma, tare muke sulalewa filin Adamasingba buga ƙwallo. Shi ne gwanin lissafi a ajinmu, rabin ajin daga littafinsa muke kwafa. Fiye da shekara ashirin ke nan da ya bar gida. Duk abin da aka sani a unguwa shi ne "yana Saudiyya", kuma kowa ya san yadda mutanenmu ke jin wannan kalma.

Murnar da muka yi ba ta faɗuwa. Muka rungume juna a tsakiyar kasuwa, Hausa na fita da Yarabanci a cakuɗe, irin ta 'yan Sabo. Ya ajiye baron, ya ja mu wani ɗan gidan abinci, ya rantse shi zai biya. Ya tambayi kowa da kowa, har malamin da ke zane mu in mun makara. Sai da za mu rabu ya riƙe hannun ɗayanmu ya ce: "Mutumina, don Allah in kun koma kada ku ce ga yadda kuka gan ni. Ku ce dai mun haɗu, ina lafiya."

Wannan roƙo shi ne abin da muke so mu tattauna da masu karatu, domin ba mu kaɗai ya taɓa faruwa da mu ba. 'Yan unguwar nan na zuwa Dubai da Guangzhou saro kaya, suna zuwa Kumasi da Kwatano, kuma da wuya mutum ya yi tafiya uku bai ci karo da wani tsohon idon sani ba. Tambayar ita ce: labarin da muka ɗauko, na wa ne?

Da farko ya kamata mu gane abin da ya bambanta abokin makaranta da sauran abokai. Abokin kasuwa ya san mu ne da abin da muka zama. Abokin makaranta kuwa ya san mu tun ba mu zama komai ba, tun kafin Alhaji, kafin shago, kafin mota. Shi ya sa haɗuwa da shi a baƙuwar ƙasa take da daɗi haka. Amma shi ya sa kuma take da nauyi, domin shi ne ya san abin da aka yi zaton za ka zama. Abokinmu ya yi shekaru yana tura baro a gaban dubban mutane bai ji kunya ba. Gabanmu ne kawai ya kawar da kai.

Halin da yake ciki ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san ƙasar. Da bizar Umra ya shiga, ya zauna bayan ta ƙare. Wanda ba shi da iƙama ba ya aiki da sunansa, ba ya buɗe asusun banki, kullum yana kaffa-kaffa da 'yan sanda. In an kama shi sai gidan tarhil, a ɗauki hoton yatsunsa, a mayar da shi gida. A 2017 hukumomin ƙasar sun yi afuwa, suka ba marasa takardu dama su fita ba tare da tara ba. Muka ce masa, to me ya hana ka? Ya ce: "In koma da me?"

A cikin jirgi gardama ta kaure tsakaninmu. Na farkonmu ya ce amana amana ce. Mutum ya ci abinci da kai, ya roƙe ka rufin asiri, ba ka da ta cewa. Na biyu ya ce a'a, akwai tsohuwa a gida da ke jiransa, akwai 'ya'yan da suka girma ba su san fuskarsa ba, kuma yin shiru a nan taya shi ɓuya ne. Na uku ya kawo abin da ya fi damun mu duka. Ya ce samarin unguwa na sayar da babur da wayar hannu su ba dillalai, saboda sun ɗauka duk wanda ya tsallaka ya huta, kuma shirun irinmu ne ke ciyar da wannan ruɗi.

Kowanne da gaskiyarsa. Abin da muka fahimta daga baya shi ne, mun ɗauki labarin kamar dunƙule ɗaya, ko a faɗa ko a ɓoye, alhali kuwa kashi uku ne, kowane kashi da mai shi.

Kashi na farko nasa ne shi kaɗai: baron, ɗakin da suke kwana su da yawa, furfurar da ta cika masa kai. Majalisar bakin masallaci ba ta da haƙƙi a kan wannan, haka ma teburin mai shayi. Mu faɗi gaskiya, sau da yawa abin da ke sa bakinmu ƙaiƙayi ba son gaskiya ba ne. Daɗin da ke cikin cewa "wane da ya fi mu ƙoƙari a aji, ga shi can yana dako" shi ne ke tura mu. Wanda ya ba da irin wannan labari kansa yake yabo a fakaice. Alhali dako sana'a ce ta halal, kuma da yawa cikin manyan gidajen Sabo da ɗaukar huhun goro a ka aka kafa su.

Kashi na biyu ba nasa ba ne, ko da ya roƙa. Mahaifiyarsa tana da haƙƙin sanin cewa ɗanta na raye, cewa ba mantawa ya yi da ita ba, kuma rashin takarda da kunya ne suka riƙe shi. Aboki na iya ba mu ajiyar sirrinsa, amma ba zai iya ba mu ajiyar haƙƙin wani ya ce mu danne ba. Kuma ba zai iya sa mu ƙarya ba. Yin shiru daban, cewa "ai yana can cikin daula" daban.

Kashi na uku na unguwa ne: sanin yadda zama ba takarda yake a ƙasar mutane. Wannan dole a faɗa wa samari, dalla-dalla, amma ba sai an ambaci sunan kowa ba. Darasin nasu ne, mutumin ba nasu ba ne.

Wani zai ce wannan rarrabewa wayo ne kawai na kauce wa alkawari. Muna ganin amsar tana ga yadda aka bi. Ba mu wuce kai tsaye gidan tsohuwa ba. Shi muka fara kira ta WhatsApp, muka ce: "Ka ga, ba wanda zai ji komai daga bakinmu a waje. Amma Iya za ta tambaye mu, kuma ba za mu yi mata ƙarya ba. Gara ta ji daga bakinka." Ya yi fushi, ya kashe waya. Kwana huɗu bai ɗauka ba. Abin da abokin ƙuruciya ke iya yi ke nan wanda baƙo ba zai iya ba: ya faɗa maka abin da ba ka so, ya kuma jure fushinka.

Akwai kuma laifin da ya dawo kanmu. Wa ya ƙirƙiri kunyar da ta tsare mutum shekara ashirin? Mu ne. In matafiyi ya dawo, kafin a ce ya hanya, ido na kan jakarsa. Abin mamaki, mu ne ya kamata mu fi kowa fahimta. Tun 1916 aka kafa Sabo, kakanninmu baƙi ne da suka baro Kano da Katsina da Sakkwato bin goro da shanu, wasu suka samu, wasu ba su samu ba. A 1969, da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardu daga Gana, mutane sun dawo Najeriya da ƙullin kaya kawai bayan shekaru suna tarawa. Jikokin baƙi bai kamata su zama masu yi wa wanda baƙunci ya kayar dariya ba.

A rana ta biyar ya kira da kansa. Muka ɗauki waya muka je gidan. Tsohuwa na zaune kan tabarma, muka gaishe ta, muka ce: "Iya, ga ɗanki." Muka miƙa mata, muka fita tsakar gida. Abin da suka faɗa wa juna ba mu ji ba, ba ma namu ba ne. Da muka dawo karɓar waya, abin da ta ce kawai shi ne: "'Ya'yan nan, ku ce masa ɗakinsa na nan."

Har yanzu bai dawo ba, kuma ba za mu ce lallai zai dawo ba. Abin da ke hannunmu shi ne abin da zai tarar in ya zo. Mu ukun mun yi magana da wani ɗan ajinmu mai shago a Bodija, ya ce yana neman mai riƙe masa lissafi. Wanda rabin aji ke kwafar littafinsa ba zai rasa wannan ba. Sauran kuma ya rage ga unguwa: ranar da ya sauka da 'yar jaka ɗaya, wace tambaya za mu fara yi masa?