Jinga da wanda bai taɓa ganinka ba

Tambayar da ta hana ni sakat tun daminar bara ita ce: idan mutum ya yi ƙarya ya samu aiki, sannan ya yi aikin tsakaninsa da Allah bai rage komai ba, kuɗin da aka biya shi na guminsa ne ko na ƙaryarsa? Ɗan ƙanena ne ya kawo mini ita, yaron da ya gama Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, ya dawo ƙauyenmu a ƙasar Dambatta da takarda a hannu, babu aiki.

Sai wanda ya san ƙasarmu zai gane abin da ya sa tambayar take da nauyi. A nan gona tana manne da gona, gida yana hango gida, babu sauran daji da za a ce yaro ya je ya sara. Abin da kakanmu ya noma shi kaɗai, gado ya yayyanka shi har kowane jika ya tashi da 'yan kunyoyi. Muna shuka gero da dawa, mu cusa wake da gyaɗa a tsakani, mu yi ta ɗura wa ƙasa taki don ba ta samun hutu, amma duk da haka rumbu ba ya kai yawancin gidaje wata kaka. Shi ya sa tun kaka da kakanni, da an gama girbi maza suke fita cin rani. Yaran yanzu sun ji cewa akwai aikin da ake yi ta intanet, mutum yana zaune a ɗakinsa mai aikin yana wata ƙasa, kuma da dala ake biya. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, har dala ɗaya ta haura naira 1,500 a farkon 2024, lissafin ya zama wanda ko ɗan firamare zai iya: dala ɗari a wata ta fi albashin malaman makaranta da yawa a cikinmu. Gwamnatin tarayya ma ta ƙara wa abin armashi da shirin 3MTT, wanda minista Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 don horar da mutum miliyan uku a sana'o'in fasahar zamani.

Yaron ya yi ƙoƙarinsa. Ya sayar da tunkiyarsa ya sayi kwamfuta ta hannu, yana kai ta caji shagon mai sola, yana neman inda sabis ya fi ƙarfi ya zauna. Ya buɗe shafi a LinkedIn da Upwork, ya yi ta cike takardun neman aiki. Abin da ya riƙa tararwa shi ne ƙofa a rufe tun kafin a dubi abin da ya iya: wannan aiki sai mazauna Amurka, wancan sai mazauna Turai, wani wurin kuwa da an ga Najeriya an gama magana. Nan abokansa suka nuna masa hanyar da suke bi. Akwai manhajar VPN da take sa a ɗauka kana wata ƙasa. Akwai hayar akawun, wato wani da ke zaune a waje ya yi rajista da sunansa da katinsa, kai ka yi aikin, in kuɗi ya shigo ya yanki nasa ya turo maka saura. Akwai kuma wanda ake biya ya zauna maka jarrabawar shiga ko ya amsa maka tambayoyin intabiyu.

Da ya zo mini bai yi kwana-kwana ba. Ya ce, "Baffa, ni fa ba sata zan yi ba. Aikin zan yi musu da kyau, su biya ni. Su ne suka fara rashin adalci da suka rufe mana ƙofa don ƙasar da aka haife mu. In na ce ina Amurka, wa na cuta?"

Ban raina wannan magana ba, kuma ba na son mai karatu ya raina ta. Akwai zalunci a ce biyu sun iya aiki ɗaya, a hana ɗaya saboda inda yake kwana. Kuma mutumin da yake kallon farashin buhun takin zamani yana kallon mahaifinsa da ya tsufa a kan fartanya, ba ya bukatar a yi masa wa'azi da sanyin rai irin na wanda ya ƙoshi.

Amma da na koma kan abin da muka karanta a zaure, a babin ciniki na Risalar Ibn Abi Zaid, sai na ga malamanmu na Malikiyya sun riga sun shimfiɗa wurin da za a tsaya a yi wannan magana. Sun raba tsakanin ijara, wadda ake ƙayyade wa lokaci da lada, da kuma ju'ala, inda ake cewa in ka kammala abu kaza ga ladanka, in ba ka kammala ba babu komai. Mu manoma mun san su duka biyun: ɗan ƙwadago na yini, da ɗan jinga. Yawancin aikin intanet da yaranmu ke samu jinga ce. Littattafan fiƙihu sun kuma bambance tsakanin aikin da aka ɗora a wuyanka, ko wa ya yi shi ba damuwa muddin ya fito yadda aka ce, da aikin da aka ɗauki wane takamaimai ya yi. A na biyun ba ka da ikon turo wani a madadinka sai da yardar mai aiki. To wanda ya tantance mutum da sunansa da hotonsa da katinsa, ya ce kai na ɗauka, wane iri ya ƙulla? Mai ba da hayar akawun ya sayar da amanar da aka ba shi, mai karɓar haya kuma ya shiga cinikin da mai shi bai san da shi ba, balle ya yarda. Yardar ɓangarori biyu kuwa ita ce ginshiƙin kowane ciniki a shari'a, kuma yardar da aka samo da yaudara ba a kan abin da ke nan aka ba da ita ba.

Na je wa wani malami a garinmu da batun, wanda ya fi ni nisa a karatu. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, in aikin ya yi kyau fa?" Ya ce gumin yaron ba ya zama banza, amma kyan aiki ba ya wanke ƙaryar da aka shiga da ita, kowanne da lissafinsa. Sai ya tuna mini da ƙissar Annabi Musa a Madyana cikin Suratul Ƙasas, inda ɗiyar dattijon ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauke shi aiki saboda siffofi biyu, ƙarfi da amana. Ya ce yaranmu sun duƙufa neman na farko, suna koyon sana'a dare da rana, kuma hakan ya yi kyau, amma na biyun shi ne wanda mai aiki daga nesa ya fi tsananin bukata, don ba shi da ido a kanka.

Wannan shi ne abin da ya tsaya mini a rai. Duk manomin da ya taɓa ba da jingar noman firi ya tafi kasuwar Dambatta ran Lahadi ya bar 'yan ƙwadago a gona, ya san irin mutumin da yake tura ƙasa ya binne ciyawa maimakon ya sare ta. Da yamma gona tana kyau, a biya shi ya tafi, sai ruwa ya sauka kwana biyu ciyawa ta ɗago kai. Abin da mai gona yake yi bayan nan ba ya tsayawa kan mutum ɗaya. Zai ce 'yan ƙauye kaza ba su da amana, ya daina ɗaukar kowa daga can. Wani ɓangare na ƙofofin da yaron ya tarar a rufe, haka aka rufe su. Sunan 'yan damfarar 419 ya riga shi isa ƙasashen da yake neman aiki tun kafin a haife shi. Ba laifinsa ba ne, amma duk akawun ɗin haya da aka kama, ƙanensa ne zai tarar da ƙarin sakata. Amsar tambayarsa ta "wa na cuta" ke nan, kuma wanda aka cuta ɗin a gidanmu yake.

Mu kuwa ba baƙi ba ne a harkar amana daga nesa. Fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, da yawansu daga ƙauyukan Kano da Katsina suka riƙa tashi da jakuna zuwa Gwanja, tafiyar watanni, ɗauke da jarin mutanen da suka zauna a gida suna jira. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, daga wannan tsatso na Agalawa ya fito, kuma da goro ya fara kafin gyaɗa. A unguwar Sabo ta Ibadan, masani Abner Cohen ya zauna a farkon shekarun 1960 ya ga yadda falke zai kawo shanu daga Arewa ya damƙa wa mai gida, dillalan mai gida su sayar wa mahauta Yarabawa bashi ba tare da takarda ba, in mahauci ya gaza biya mai gida ya ɗauki asarar. Dukiya mai yawa ta riƙa yawo a kan kalmar baki. Abin da ya riƙe tsarin shi ne kowa yana da wanda ya tsaya masa, kuma wanda ya ci amana sau ɗaya labarinsa yana riga shi isa kowane zango.

Yaron bai karɓi hayar akawun ba. Ba zan ce hujjata ce kaɗai ta hana shi ba, mahaifiyarsa ma ta yi magana, kuma maganarta ta fi tawa shiga. Ya daɗe yana nema da sunansa na gaskiya da garinsa na gaskiya, har wani tsohon malaminsa ya haɗa shi da masu neman wanda zai duba fassarar Hausa ya gyara. A irin wannan aiki zama a ƙasar Dambatta daraja ce, don Hausar da yake ji a bakin tsofaffi ita ake saye. Kuɗin kaɗan ne, aikin yana zuwa yana yankewa, kuma abokansa masu haya sun fi shi samu a yanzu. Wani lokaci yakan faɗa mini haka, ni kuma ba na ce masa ƙarya ne. Abin da nake ce masa shi ne, wanda ya yi imani cewa arzikinsa rubutacce ne, neman da aka umarce shi da shi bai haɗa da sa sunan wani a goshinsa ba.

Sai dai in muka tsaya a kan yi wa yara nasiha, mun ɗora musu kaya mun koma inuwa. Abin da ya buɗe wa ɗan ƙanena ƙofa shi ne mutum ɗaya da ya ce na san shi, na tsaya masa, wato aikin da mai gida yake yi wa falke a Sabo. Yaran ƙauyukan Makoɗa da Kunci da Tsanyawa da Minjibir ba su da irin wannan mutum, shi ya sa suke hayar sunan baƙo. Muna da kwaleji a Bichi, muna da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, muna da 'ya'yan yankin nan da suka riga suka samu shiga suna aiki da kamfanonin waje. A cikinsu ya kamata a samu masu gwada yaro da ƙaramin aiki, su ga hannunsa, sannan su miƙa sunansa gaba da nasu sunan a jingine. Na fara yi wa biyu daga cikinsu wannan magana a wajen ɗaurin auren da muka haɗu bayan Sallah. Ɗaya ya ce zai duba, ɗayan ya nemi in turo masa yara uku da na yarda da su, kuma na tura.